Cinikin biri a sama: makin da ake ba ƙungiyoyin NFL tun ba a buga wasa ba

A watan Afrilun 1999, a birnin New York, aka sanar da cewa ƙungiyar Philadelphia Eagles ta ɗauki Donovan McNabb a gurbi na biyu na zaɓen sababbin 'yan wasa na gasar NFL. Saurayin ya hau dandamali zai karɓi rigar ƙungiyar, sai ihun "ba ma yi" ya ɓarke daga wani sashe na zauren. Masu ihun kuwa magoya bayan Eagles ɗin ne, waɗanda wani shirin gidan rediyo ya tattaro takanas daga Philadelphia don su tafa wa Ricky Williams, gwanin gudu da ƙwallo da suka ƙwallafa rai a kansa. McNabb ɗin da suka yi wa ature shi ne daga baya ya kai ƙungiyar wasan ƙarshe na rukuninta har sau biyar, ya kuma kai ta Super Bowl, wato wasan ƙarshe na cin kofin gasar, a kakar 2004. Williams kuma New Orleans Saints ce ta ɗauke shi a gurbi na biyar, bayan ta sadaukar da dukkan guraben da take da su a shekarar, ta ƙara da wasu biyu na shekara mai zuwa. Kaka uku ya yi a can aka sayar da shi.

Duk mai bin wannan wasa ya san labarin, ana kuma maimaita shi kowace shekara, amma bai hana kowa yin abin da 'yan Philadelphia suka yi ba. Wannan ɗabi'ar ce nake so in yi magana a kanta.

Ga wanda bai saba ba, wasan da ake magana shi ne ƙwallon Amurka, wanda ake ɗauka a hannu a ruga, mai kama da zari-ruga. Ƙungiyoyi 32 ne a gasar NFL, kuma ba sa rainon yara a makarantun horo ko sayen matasa daga ƙananan ƙungiyoyi kamar yadda ake yi a ƙwallon ƙafar Turai. Jami'o'i ne ke rainon 'yan wasa. Idan matashi ya yi aƙalla shekara uku da gama sakandare, yana iya shiga jerin waɗanda za a zaɓa. A ƙarshen watan Afrilu ake zaman, kwana uku, zagaye bakwai, a ɗauki mutum 250 da 'yan kai. Ƙungiyar da ta fi kowa shan kashi a kakar da ta wuce ita ce ta farko a layi, wadda ta ci kofi ita ce ta ƙarshe. Ana iya musayar gurabe: ka ba ni naka na yau in ba ka nawa biyu na baɗi. Tun 1936 aka faro tsarin, bisa shawarar Bert Bell mai ƙungiyar Eagles a lokacin, don kada masu kuɗi su riƙa kwashe gwanaye su bar sauran da hamma. Mutum na farko da aka taɓa zaɓa, Jay Berwanger, ko wasa ɗaya bai buga a gasar ba. Da ma tun ranar farko abin ya nuna halinsa.

Tashar ESPN ta fara nuna zaman kai tsaye a 1980, lokacin da mutane da yawa ke ganin babu mai ɓata lokacinsa yana kallon ana karanta sunaye. Yau abin ya zama biki. Wanda aka yi a Detroit a 2024 ya tara sama da mutum 700,000 cikin kwana uku. Kuma kafin a kwashe kujeru, kafofin labarai sun riga sun fitar da sakamako irin na 'yan makaranta: wannan ƙungiya ta ci A, waccan C, wata kuma F. Malamin da ke duba takardar bai ga jarrabawar ba, domin ba a yi ta ba tukuna.

To me makin yake aunawa? A ganina abu ɗaya ne: kusancin abin da ƙungiya ta yi da jerin da masu sharhin suka riga suka rubuta. Wata da watanni kafin zaman, kowane mai sharhi yana jera 'yan wasa daga na ɗaya zuwa na ɗari biyu ko uku, yana kuma fitar da hasashen wa zai ɗauki wa. Suna karanta na juna, suna jin raɗe-raɗi iri ɗaya daga wakilan 'yan wasa da ma'aikatan ƙungiyoyi, a hankali jerin nasu ya zama kusan ɗaya. Idan ƙungiya ta ɗauki wanda ke na 40 a jerin a gurbi na 15, sai a ce ta yi azarɓaɓi. Idan ta samu na 15 a gurbi na 40, sai a ce ta yi tsintuwa. Amma tsintuwar nan tana da wata fuska da ba a cika faɗa ba: ƙungiyoyi da dama, da likitocinsu da masu bincikensu, sun ga yaron sun wuce shi. Ko dai duk sun yi kuskure, ko kuma sun san abin da mai sharhin bai sani ba.

Misalin da aka fi kafa hujja da shi shi ne na Seattle Seahawks a 2012. Sun ɗauki Bruce Irvin a gurbi na 15, aka ce sun yi gaggawa. Sun ɗauki Bobby Wagner a zagaye na biyu, ba wanda ya damu sosai. A zagaye na uku, gurbi na 75, suka ɗauki Russell Wilson, kwatabak, wato madugun da ke karɓar ƙwallo ya jefa ya kuma tsara hari. Aka ce gajere ne, tsawonsa ƙafa 5 da inci 11, ga shi kuma ƙungiyar ba ta daɗe da biyan Matt Flynn kuɗi don ya riƙe wannan matsayi ba. Makin da suka samu ya yi muni, har da wanda ya ba su F. A watan Fabrairun 2014 waɗannan yaran suka lallasa Denver Broncos da ci 43 da 8 suka ɗauki kofin farko a tarihin ƙungiyar.

Sai dai ba zan yi wa masu sharhi rashin adalci ba, domin labarai irin wannan zaɓo su ake yi. Ana tuna F ɗin da ya zama kofi, ana mance F goma da suka tabbata F. Jerin nasu ba shirme ba ne: idan aka haɗa shekaru da yawa, waɗanda aka ɗauka a zagayen farko sun fi na zagaye na huɗu yin nasara nesa ba kusa ba, kuma ƙungiyar da ke yawan kauce wa ra'ayin jama'a tana yawan cizon yatsa. Su ma magoya baya wani lokaci su ke da gaskiya. A 1995 'yan New York Jets sun cika zaure suna rera sunan Warren Sapp, ƙungiyar ta ɗauki Kyle Brady a gurbi na tara. Sapp ya tafi Tampa Bay a na 12, ya zama ɗaya daga cikin manyan masu tsaron baya na zamaninsa, sunansa ya shiga zauren gwarzaye. 'Yan Jets har gobe ba su huce ba, kuma ihun da suke yi duk shekara ya zama wani ɓangare na bikin.

Rigimar da ta fi ba ni dariya ita ce ta 1994. Mel Kiper Jr., wanda ke sharhin zaɓen a ESPN tun 1984, ya caccaki Indianapolis Colts kai tsaye saboda sun tsallake kwatabak Trent Dilfer sun ɗauki Trev Alberts a gurbi na biyar. Jami'in ƙungiyar Bill Tobin ya fusata, ya fito a talabijin yana tambayar wai shi wane ne ma Mel Kiper ɗin. Wa ya ci gardamar? Rauni ya gajarta rayuwar wasan Alberts, kaka uku kawai ya yi. Dilfer ya ci kofi da Baltimore Ravens a Janairun 2001, amma kowa ya san masu tsaron baya ne suka ɗauko kofin, shi ya raka su. Sannan a wannan rana dai, a gurbi na biyu, Tobin ya ɗauki Marshall Faulk, wanda ya zama gwarzon gwarzaye. Bayan shekara talatin kowane ɓangare yana da abin da zai riƙe ya ce ai na faɗa.

Abin da ke sa gardamar ba ta ƙarewa shi ne mutum uku ne ke amsa tambayoyi uku daban, kowa yana zaton tambaya ɗaya ce. Mai goyon baya yana tambayar ina ke yi mana ciwo. Ya kalli ƙungiyarsa wata huɗu ana ratsa tsaron bayanta, don haka magani yake so, yanzu, kuma ya fi son sunan da ya sani daga wasannin jami'a da ya gani a talabijin. Shi ya sa da wuya ka ji an yi sowa idan aka ɗauki ɗaya daga cikin ƙartin da ke yi wa kwatabak katanga, alhali idan babu su ba abin da ke tafiya. Mai sharhi yana tambayar wa ya fi kowa a cikin waɗanda suka rage. Shi kuma babban manajan ƙungiya yana lissafin shekara uku ko huɗu masu zuwa: kwantiragin wa zai ƙare, wa ya fara tsufa, wane salo koci ke so, me likita ya gani a gwiwar yaron, me tsofaffin malamansa suka faɗa a asirce. A ƙarƙashin duk wannan akwai lissafin da ba ya faɗa, wato ko shi kansa zai kai baɗi a kujerarsa. Manajan da ke jin ƙamshin sallama ba ya shuka abin da wani zai girba.

Shekarar 2020 ta nuna wannan saɓani ƙarara, har sau biyu. Green Bay Packers sun yi musaya sun hau gurbi na 26 sun ɗauki kwatabak Jordan Love, alhali suna da Aaron Rodgers, kuma saura wasa ɗaya su kai Super Bowl a kakar da ta gabata. Magoya baya suka ce a kawo wa Rodgers mai cafe ƙwallo mana, me za a yi da magaji mai gida yana raye? Suna da hujja: Rodgers ya zama gwarzon gasa a 2020 da 2021, Love yana zaune a benci, kofi kuma bai zo ba. Ƙungiyar ma tana da tata: a 2023 da Rodgers ya koma Jets, ba ta shiga kasuwa neman madugu ido rufe ba. Haka ma aka yi da shi Rodgers ɗin a 2005, aka ɗauke shi a na 24 ya zauna kaka uku a bayan Brett Favre. A dare na biyu na zaɓen 2020 ɗin Eagles suka ɗauki kwatabak Jalen Hurts a gurbi na 53, ƙasa da shekara ɗaya bayan sun sabunta wa Carson Wentz kwantiragi mai tsoka. 'Yan Philadelphia, kamar yadda suka saba, suka yi ca. A Fabrairun 2025 Hurts ne gwarzon wasan da suka doke Kansas City Chiefs da ci 40 da 22.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin kowa a cikinsu, wato wahalar hasashen kanta. Masana biyu, Cade Massey da Richard Thaler, wanda daga baya ya samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2017, sun bi diddigin zaɓen na shekaru masu yawa. Suka tambayi abu mai sauƙi: idan aka ɗauki ɗan wasa, sau nawa yake fin wanda aka ɗauka bayansa a matsayi iri ɗaya? Amsar ta ɗara rabi da kaɗan. Ma'ana, tsakanin na farko da na biyu a matsayi ɗaya, ƙwararrun da ke kashe miliyoyin daloli wajen bincike sun fi mai jefa kwabo sama da ɗan ƙiris ne kawai. Duk da haka farashin hawa sama yana da tsada ƙwarai. Jadawalin da Dallas Cowboys suka fito da shi a farkon shekarun 1990, zamanin koci Jimmy Johnson, ya ba gurbi na ɗaya maki 3,000, na 16 maki 1,000, na 32 kuma 590. Wato ana cinikin gurbi na ɗaya kamar ya kai biyar irin na 32. Masanan suka ce wannan yarda da kai ce da ta wuce kima, kuma wanda ya sauka ƙasa ya tara gurabe da yawa ya fi cin riba.

Nan ne nake ganin sharhin daren zaɓe yake da amfani na gaske, idan mai yin sa ya san iyakarsa. Ba wanda zai iya gaya maka ko yaro zai yi fice. Amma ana iya auna abin da aka biya, tun a daren. A 2017 Chicago Bears sun ba San Francisco 49ers ƙarin gurabe uku don su matsa taki ɗaya tak, daga na uku zuwa na biyu, su ɗauki Mitchell Trubisky. Ko ba a san cewa Patrick Mahomes, wanda Chiefs suka ɗauka a na goma, zai ci kofi uku kafin ya cika shekara 30 ba, ana iya cewa kuɗin ya yi yawa. Wanda ya soki farashin ya yi sharhi. Wanda ya zo bayan shekara biyar yana cewa ai da Mahomes suka ɗauka, ihu yake bayan hari, domin ƙungiyoyi tara ne suka wuce shi, kuma wadda ke gab da Chiefs, Cincinnati Bengals, John Ross ta ɗauka, wanda ya girgiza kowa da gudun yadi 40 cikin daƙiƙa 4.22 a gwajin da ake yi a Indianapolis. Gudun bai zama cafe ƙwallo ba.

Kuɗin albashi ma ya sauya lissafin, kuma ba kowane mai ihu ke lura da hakan ba. Kafin 2011, wanda aka ɗauka na ɗaya yana iya fin tsofaffin gwanaye albashi tun bai taka fili ba. Sam Bradford ya sa hannu a kan dala miliyan 78 na shekara shida a 2010, miliyan 50 daga ciki tabbas ne ko ya yi wasa ko bai yi ba. Sabuwar yarjejeniyar da aka ƙulla da ƙungiyar 'yan wasa ta ƙayyade albashin sababbin shiga, sai ga Cam Newton, na ɗaya a 2011, da dala miliyan 22 na shekara huɗu. Tunda kowace ƙungiya tana da iyakar abin da za ta kashe a albashi, kusan dala miliyan 279 a 2025, kuma manyan kwatabak suna karɓar miliyan 50 zuwa 60 a shekara, samun matashin kwatabak mai kyau a kan albashin sabon shiga garaɓasa ce da ke ba ka damar sayen gwanaye a sauran wurare. Wannan ne ya sa ake rububinsu: shida aka ɗauka cikin gurabe 12 na farko a 2024, har da Michael Penix Jr. da Atlanta Falcons suka ɗauka a na takwas makonni kaɗan bayan sun ba Kirk Cousins kwantiragin dala miliyan 180. Shi ne kuma ya sa masu lissafi suka soki New York Giants a 2018 da suka ɗauki Saquon Barkley a na biyu. Ba su ce bai iya ba. Cewa suka yi masu gudu da ƙwallo suna saurin lalacewa, kuma ana samun masu kama da su da araha a can ƙasa. Barkley ya yi kaka shida a Giants ba su je ko'ina ba, ya koma Eagles a 2024, ya yi gudun sama da yadi 2,000 a bayan ƙaƙƙarfar katanga, ya ci kofi. Masu sukar da masu yabon duk sun ce labarin ya gaskata su, kuma ni ban ga wanda ya yi ƙarya ba.

Labarin Barkley ya taɓo abin da makin ba ya iya ɗauka ko kaɗan: inda yaro ya faɗa. Muna magana kamar ɗan wasa kaya ne a cikin kwali, ko mai kyau ne ko marar kyau, jira kawai ake a buɗe. Mahomes ya faɗa hannun Andy Reid, kocin nan dai da ya ɗauki McNabb a 1999, ya zauna kusan kaka guda yana koyo a bayan Alex Smith, ya tarar da gwanayen cafe ƙwallo suna jiransa. Tsarin kuwa an gina shi ne don wanda ya fi kowa haske a jami'a ya tafi ƙungiyar da ta fi kowa lalacewa, inda katanga ta rushe, koci ke gab da kora, magoya baya kuma ba su da sauran haƙuri. Idan ya kasa sai a ce da ma ba shi da kyau. Wasu da gaske ba su da shi. Ryan Leaf, da aka yi ta gardamar ko ya fi Peyton Manning a 1998, da JaMarcus Russell na 2007, ba muhalli kaɗai ya kayar da su ba. Amma akwai da yawa da ba za a taɓa sanin abin da za su zama a wani gidan ba.

Hausawa sun ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. A NFL an rage wa'adin zuwa shekara uku, kuma kusan kowane mai sharhi yakan faɗi haka da bakinsa kafin ya ci gaba da raba makinsa. Ban ga laifinsu sosai ba. Daga Fabrairu zuwa Satumba babu wasa, kuma zaɓen nan ne kaɗai lokacin da magoya bayan ƙungiyoyi 32 za su kwanta da fata a dare ɗaya. Mai karatu yana son a gaya masa ya yi murna ko ya yi fushi, kafar labarai tana son a latsa shafinta. Sake duba makin bayan shekara uku kuwa wasu na yi, masu karantawa ne ba su da yawa.

A 2025 tazarar da ke tsakanin ɗakin sharhi da ɗakin ƙungiyoyi ta fito fili yadda ba a saba gani ba. Shedeur Sanders, ɗan shahararren ɗan wasa Deion Sanders, da yawa sun sa shi a zagayen farko, Kiper ma ya ɗora shi can sama. Daren farko ya wuce, na biyu ya wuce, ana ta nuna sunansa a allo, sai a rana ta uku Cleveland Browns suka ɗauke shi a zagaye na biyar, gurbi na 144. Masu sharhi suka ce ƙungiyoyi sun yi kuskure, ƙungiyoyi suka yi gum.

Su ma ƙungiyoyin ba su da bakin yin alfahari. A 2021 San Francisco 49ers sun haɗa gurabensu na zagayen farko na shekara uku, da ƙarin ɗaya na zagaye na uku, suka hau gurbi na uku don Trey Lance. Wasa huɗu kawai ya fara musu, ya karye a idon sawu, a 2023 suka miƙa shi Dallas a kan gurbin zagaye na huɗu. Wanda ya gaje shi, ya kai su Super Bowl a Fabrairun 2024 har sai da aka yi ƙarin lokaci kafin Chiefs su doke su, shi ne Brock Purdy. Mutanen nan dai, da masu bincikensu ɗin nan, su suka ɗauke shi a 2022 a gurbi na 262, na ƙarshe ƙaf, wanda al'adar gasar ke yi wa laƙabin "marar muhimmanci". Sun wuce shi sau da yawa a wannan makon kafin su waiwaye shi, kamar yadda New England Patriots suka ɗauki mutum shida a shekarar 2000 kafin su kira sunan Tom Brady a gurbi na 199.